Gurbin da Barira Ta Mayar Sau Biyu

Ku matso, ku rage murya. Ku da kuke zaton sai dare ya raba mutanen ɓoye suke fitowa, to Barira da rana tsaka ta gamu da nata.

Barira mai rubuta manhaja ce, a wani tsohon siton auduga da aka mayar ofis a Gusau. Aikinta koya wa tafinta. Tafinta kuwa manhaja ce mai juya rubutun mutane zuwa yaren inji, kuma ba ta da wayon kanta, abin da aka faɗa mata shi ta sani. Barira ke rubuta mata cewa wannan umarni yana aron gurbi a ƙwaƙwalwar inji, wancan kuma shi ke mayar da shi. Biyu-biyu ake rubuta su. Wata Juma'a, garin sauri, ta rubuta mai aro ta manta da mai mayarwa, ta sa gwaji yana ta gudu. Maza duk sun tafi masallaci, ita kaɗai ta rage.

Sai aka yi sallama. Daga baki guda, amma murya takwas. Har da ta jariri a ciki.

Ta waiga. Wani tsoho ne, da tabarma naɗe a hammata.

"Yarinya, kin tashe mu."

"Baba, daga ina?"

"Gurbin da kike ara, ina kike zaton yake fitowa? Mu ke kwance a wurin. Kin ara, mun matsa. Kin ƙara, mun matsa. Yau ko jinjiri babu inda za mu kwantar. Shi ne muka zo karɓar naki."

Barira ta dubi ƙofa. Babu ƙofa, sai bango. Taga ma haka. Lambar aron da ke kan allon injin tana hawa, bangon yana matsowa, har sanyin siminti ya taɓa gwiwar hannunta. Tsoro ya kama ta, irin wanda ko salati ba ya fitowa. Ta kai yatsa za ta kashe injin.

"Kashe," in ji muryoyin. "A bar mu haka, ke ma a bar ki haka."

Ta janye hannu. Ta tsayar da aron, ta rubuta layin da ta manta, ta mayar da gurbi na farko don ta gani. Bango ya ja da baya kamar faɗin ɗan yatsa, sannan ya ci gaba da matsowa. Saura gurbi dubu arba'in. Teburi ya fara ƙara, kujera ta danne mata ciki, numfashi sai da dabara.

Tsohon ya sunkuyo daidai kunnenta. "Ɗaya-ɗaya? Mu ba ma yin abu ɗaya-ɗaya."

Nan ta tuna akwai umarnin da ke ɗaukar abu takwas ya yi musu aiki lokaci guda. Ta faɗa wa tafinta cewa mai mayarwar nan takwas-takwas zai yi, ta sake shi tun daga farkon jerin aron. Ai kuwa bango ya yi ta ja da baya. Taga ta dawo, ƙofa ta dawo, har tana jin huɗuba daga nesa.

Ta miƙe za ta gudu. Tsohon ya shimfiɗa tabarmarsa, yana murmushi.

"Mun karɓi namu cif. Amma na farkon nan sau biyu kika mayar."

Ta tsaya cak. Ko ɗan koyo ya san ba a mayar da gurbi sau biyu, don na biyun ba ka san na wa ka bayar ba.

"Kuskure ne, Baba. Don Allah."

"Kyauta ce. Mun gode."

Ta fita lafiya, ko ƙwarzane babu. Amma da ta tari Keke Napep ta ɗaga ƙafa za ta shiga, sai ta ga kujerar ta lotsa, kamar akwai mutum a kai. A gida ma haka, tabarma da ɗumi, gado a lotse. Duk inda za ta sa jikinta, an riga ta. Wallahi tana ba ni tausayi. Shekara uku ke nan a tsaye take cin abinci, a jingine da bango take barci.

Don haka in aiki ya kai ku siton nan, kada ku yarda a bar ku ku kaɗai ranar Juma'a. Kai da ke dariya, tashi ka duba inda ka zauna.