Takardar Jinin Mu'az

A gidan nan akwai wadda ta san gaskiya, ta naɗe ta, ta hau kanta ta zauna, tana kallo ana zubar da mutuncin baiwar Allah!

Wata biyar da auren Safiyatu da Mu'az ƙafafunsa suka kumbura, fuska ta yi suntum, fitsari sai kumfa kamar an kaɗa omo. Likita a Dutse ya ce ƙoda ce, ya ɗebi jini aka aika Kano.

Ba a jira sakamako ba, yayarsa Adda Mashkura ta yanke hukunci a tsakar gida.

"Sammu ne! Yaro garau, daga fara cin tuwonki ya koma tulu? Tattara ki koma gidanku Aujara!"

"Adda, wallahi ban—"

"Rufe min baki, munafuka!"

Safiyatu ta dubi mijinta, kalma ɗaya take jira. Ya sunkuyar da kai. Shirun nan ya fi zagin ciwo.

A Aujara ta sha kuka ta gode Allah. Duk sanda ta kira wayarsa, Adda ke ɗagawa: "Rizal ɗin jinin bai fito ba." Shi kuwa ana ta ɗura masa jiƙe-jiƙe. Da abin ya ishe ta, ta ɗauko katinsa na ganin likita da ya rage a jakarta, sai asibiti.

"Baiwar Allah, ina kuka kai shi?" in ji likita. "Sati bakwai ke nan da yayarsa ta karɓi sakamakon, da bakina na yi mata bayani! A jinin kowa akwai masu gadin jiki. Nasa ne suka rikice suna dukan matatar ƙodarsa, ga alamarsu ɓaro-ɓaro a gwajin. Ba guba, ba abinci. Duk kwanan da kuka ƙara, ƙodar ke biya."

Da adaidaita ta dira ƙofar gidan. Ta durƙusa ta gaida Adda, sannan ta miƙa wa Mu'az kwafin sakamakon da aka ba ta a asibiti, ta maimaita masa maganar likita.

"Adda, kin sani?" in ji Mu'az.

Adda ta fashe da kuka. "Na riga na gaya wa dangi kaf ita ce. Da wane ido zan ce musu ƙarya na yi?"

"Kunyarki ta fi ƙodata ke nan? Safiya, don Allah ki yafe—"

"Tashi mu tafi asibiti, Yaya Mu'az. Yafiya za ta jira, ƙoda ba ta jira."

Bayan wata shida a kan magani, alamar ta ragu a jininsa, kumburi ya sauka. Safiyatu ta koma ɗakinta da mutuncinta; Adda da ƙafarta ta bi dangi gida-gida tana wanke ta.

Haƙuri ya biya, amma ku ji da kyau: mun fi saurin zargin bare da faɗin "na yi kuskure". In akwai wanda danginsa ba su taɓa rufa wa nasu asiri da mutuncin matar gida ba, ya miƙe ya ƙaryata ni!