Lallen Dapaong

Ranar da Khairiya ta fara ganinsa, ɗauka ta yi mai karɓar haraji ne. In ba haka ba, me zai tsayar da saurayi mai kwat da kiravat ɗaure a wuya a layin mahauta na kasuwar Sokodé, ba ya sayen nama, ba ya tafiya? Ta kawo wa mahaifinta Alhaji Fuseini abincin rana, ta tarar da saurayin ya zuba wa fatun da aka jibge a bayan teburi ido.

"Malam, lafiya? Nama a gaba yake," in ji ta.

"Ina ake kai waɗannan?"

"Mata ke saye, su babbake, a yi ganda."

Sai ya yi wani irin tsaki mai tausayi, kamar an ce masa ɗan'uwansa za a dafa. Dariya ta kuɓuce mata. Daga nan zance ya ƙullu.

Sunansa Sharifuddeen, akawu ne a wani kamfanin inshora. Alhaji Fuseini kuwa ba abin da yake so a duniya irin suruki mai biro, wato ofis, da alƙalami, don haka bai ja ba, ya ba shi izinin zuwa zance. Har ya riƙa nuna shi wa abokan sana'a yana cewa, "Wannan ba ya wanke hannu da toka."

Ana cikin haka Sharifuddeen ya ce aiki ya kai shi garin Dapaong, can arewa. Saƙo dai bai yanke ba.

"Hairata, na tashi da ke a raina. Garin nan zafi gare shi, amma rabona da jin daɗin wayewar gari irin haka tun ina yaro."

Ta karanta, ta sake karantawa. Mutumin da kullum yake kukan biro ya ishe shi, shi ne yau yake murna da safiya? Me ke faranta masa rai a can? Ta kira shi a bidiyo, sai ta ga ya jingina wayar da bango, fuska kaɗai take gani. Da ya zo hutu, hannuwa cikin aljihu ya yi zancen, ya tafi.

Fayçal, ɗan maƙwabtansu mai jigilar kaya zuwa arewa, ya daɗe yana sonta. Shi ya tare ta a bakin famfo.

"Ba gulma ba, Khairiya. Na ga mutuminki a tashar Dapaong. Tafin hannunsa ja wur."

"To sai me?"

"Ke ma kin san lokacin da ake sa wa namiji lalle."

Ta sani mana. Ango ake yi wa. Bokitin ya cika yana zuba ba ta gani ba. Kishi ya kama ta, irin wanda ke hana mutum haɗiyar tuwo. Ta rubuta masa:

"Sharif, turo min hoton hannunka."

Amsa ta daɗe kafin ta zo. "Sheri masoyiyata, ki yi haƙuri har in zo. Magana ce ta baki da baki."

Shi ke nan, ta gama yarda. Ta ce wa iyayenta za ta gaida Goggo Salamata, yayar babanta da ke aure a Dapaong, ta hau mota. Duk tsawon hanyar nan tsara amaryar take a ranta, har da tsayinta da irin ɗaurin kallabinta.

Goggo ta ji bayani, ta yafa gyale ta ce, "Tashi mu je mu ga idonta."

A biron kamfanin aka ce ai Sharifuddeen ya ajiye aiki tun kafin damina. Wani mai gadi ya kwatanta musu gidan da yake wuni, can bayan kasuwa.

Wari ne ya fara yi musu maraba, warin da ta tashi a cikinsa. Tsakar gidan cike da fatu a shanye. Ga Sharifuddeen a tsugune da tsohuwar singileti, hannuwansa cikin kwarya har gwiwar hannu, wani dattijo na tsaye a kansa yana faɗa ya rage ruwa. Ya ɗago, ya gan ta, ya miƙe yana ɗigar da jan ruwa.

"Ina take?" Khairiya ta tambaya.

"Wa?"

"Wadda ta sa maka lalle."

Dattijon, Malam Muhyiddeen baduku, ya duba fatar akuyar da ke cikin kwaryar. "Ga ta nan, 'yata. Karan dafi ne, da shi muke rina ta."

Goggo ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Khairiya kam kuka ta fashe da shi, don daɗi da haushi sun haɗu mata.

"Ka bar ni ina ta zarginka. Me ya hana ka faɗa min?"

"Tsoro, Hairata. Babanki biro ya ba wa ke, ba ni ba. Ni kuwa a biro kullum agogo nake kallo. A nan sai Malam ya kore ni nake sanin yamma ta yi."

Ta kalli hannuwan, sun faffashe, sun yi kanta. "Aikinka ban ƙi shi ba. Ɓoyon ne ba zan sake ɗauka ba."

Tsoron nasa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Da suka koma Sokodé aka faɗa wa Alhaji Fuseini, sai ya hau sama.

"Na ƙare rayuwata cikin ƙarnin fata don 'yata ta huta da shi, shi ne za ka mayar min da ita ciki? Wanda ya ɓoye wannan, me kuma yake ɓoyewa?"

Goggo Salamata, da ta biyo su takanas, ta gyara zama. "Fuseini, wa ya gudu daga fataucin goron Baba ya kama wuƙa? Wa ya riƙa ɓoye rigarsa mai jini a ɗakina?"

Alhaji ya yi gyaran murya. Sharifuddeen ya matso a durƙushe ya ajiye wani jan kube a gabansa. Alhaji ya juya shi, ya duba ɗinkin, ya shinshina. Ya aika aka ɗauko tsohuwar wuƙarsa ta aiki, ya zura. Ta shige cif.

"Yaushe ka auna ta?"

"Ranar da na fara tsayawa a teburinka, Baba."

Alhaji ya daɗe yana shafa kuben da babban yatsa. "Daga yau kada a sake sayar da fatuna a yi ganda," in ji shi. "Ku turo manyanku."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure a unguwar Zongo. Amarya ta fito da jan takalmi ɗinkin mijinta, tsofaffi na ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka. Sai dai ranar lalle an ɗan sha wahala. Abokan ango sun kama shi, sun buɗe tafinsa, suka rasa inda za su shafa. Khairiya ta ji labari, ta rubuta masa:

"Ka ce su bar shi haka, angona. Wannan lallen na riga na yi masa kuka."