Dashe Dubu Ɗaya da Tara

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata tsohuwa mai kula da lambun mai gari. Wata rana mai gari ya aiko mata da dashen mangwaro dubu ɗaya da tara. Ya ce ta dasa su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, kada ta bar ko ɗaya. In ta kasa, zai ba wani lambun.

Ta raba su layi biyu, saura ɗaya. Ta raba layi uku, saura ɗaya. Ta gwada huɗu, ta gwada shida, ta gwada bakwai, kullum saura ɗaya.

Maƙwabcinta ya leƙo ta kan darni ya ce, "Iya, ki jefa ɗayan nan a rijiya mana! Wa zai ƙirga?"

Ta ce, "Ai ni na ƙirga, ɗan nan."

Kwana uku tana gwada lissafin da tsakuwa, sannan ta je ta durƙusa gaban mai gari.

"Ranka ya daɗe, wannan adadi ba ya rabuwa daidai. Layi ɗaya kaɗai zai ɗauke su duka."

"Layi ɗaya? Ai lambun ba zai ci su ba."

"Hanyar rafi za ta ci."

Mai gari ya yarda. Ta dasa su a jere, daga ƙofar gari har bakin ruwa. Da suka girma, masu ɗebo ruwa suka huta da rana. Na ƙarshe, wanda aka ce ta jefa a rijiya, a gindinsa maƙwabcin nan yake shimfiɗa tabarmarsa.