Wadda Ta Rufe Mana Daji

A ɗakin taron hukumar gandun daji ya fara ganinta. Da faɗa a bakinsa ya zo, domin binciken da ta wallafa ne ya sa aka hana sare itace a babban dajin, injin katakon mahaifinsa ya yi shiru, leburori suka koma zaman benci. Ya ɗauka wata tsohuwar farfesa zai tarar. Sai ga siririyar budurwa mai gilashi, takalminta duk laka, tana fama da majigin da ya ƙi kamawa.

Shi ya tashi ya gyara mata wayar. Ta yi masa murmushi, faɗan da ya haddace ya bi iska.

Bayan taro ya faɗa mata ko shi ɗan waye. Ba ta kawar da kai ba. Ta ce bincikenta kashi biyu ne. Na farko ya nuna dajin yana mutuwa, na biyu ya nuna yadda za a raba shi yanki-yanki, a sari wani, a bar sauran su huta, a dasa sabbi. Hukuma ta ɗauki na farkon, ta manta da ɗayan.

Daga nan suka shaƙu. Yana ce mata 'Yar Daji, tana ce masa Mai Zarto.

Ya kan rubuta mata: "'Yar Daji, kin ci abinci kuwa, ko sai bishiyoyinki sun ƙoshi?"

Ta kan amsa: "Su dai ba sa damuna da tambaya. Amma su ba na kewarsu haka."

Ranar da ya kai maganarta gida, Baba ya ajiye kofin shayinsa, ya ce yarinyar da ta rufe musu daji ba za ta shigo gidansa ba. Umma ta yi ta lallashi, a banza.

Ita ma a ofis wani abokin aikinta, da ya daɗe yana sonta a ɓoye, ya raɗa mata cewa lasisin sara kawai saurayin yake nema wa ubansa. Maganar ta zauna mata a zuciya. Ta daina ɗaga wayarsa.

Da zancen ya kai kunnensa, saƙo ɗaya ya tura: "Ba zan rantse miki ba. Ki dai kula da kanki, kina yawan manta lema."

Damina ta yi nisa lokacin da aiki ya kai ta gefen dajin da aka aske tas shekarun baya. Daga nesa ta hango mutane a duƙe. Shi ne da leburorin mahaifinsa, suna dasa ƙananan bishiyoyi da irin tazarar da ta rubuta. Bai taɓa gaya mata ba.

Ta ƙarasa wurinsa ta ce, "Na zalunce ka, Mai Zarto."

Ya goge hannu a wando. "To ki biya ni da riƙon igiya, layin nan ya karkace."

Da majalisa ta kira zama kan dokar hana saran, Baba ya je don ya ga idonta. A gabansa ta miƙe, ta ce ba ta yarda a jingina sunanta ga dokar da ta ɗauki rabin aikinta ba, dajin da aka kori mutanensa ɓarayi ne za su gaje shi. Shugaban cibiyar da take aiki ya harare ta, ta ci gaba.

Mota ɗaya Baba da ɗansa suka koma. Sai da suka iso ƙofar gida Baba ya tambaya ko iyayenta sun san da maganar auren.

An gyara dokar kafin shekara ta zagayo. Injin ya sake tashi, wasu jihohin ma suka aiko neman tsarinta.

Ranar da aka kawo ta amarya, ta durƙusa gaban Baba, kanta a ƙasa. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Tashi, 'yata. Na so in ƙi ki, Allah bai ba ni iko ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana, ba mai taurin kai irin na kakansu ba."

Umma ta fashe da dariya tana share hawaye, kowa ya ce amin.