Littafin Rahoton Ɗigo

"Ki kore ta! Yau ɗin nan, a gaban idona!"

Matar ta buga littafin a kan teburin Shugaba har kofin alƙaluma ya tuntsire. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofar ofis, rigar aikina duk tumbuɗin jariri, hannuna riƙe da takalmin yaro ƙafa ɗaya da nake neman ɗan'uwansa tun safe.

Kallo ɗaya na yi wa littafin na gane shi. Shuɗi ne, da hoton agwagwa da ni na liƙa a bangonsa.

Littafin rahoton Ɗigo.

"Gwaggon Ɗigo, ki zauna mana..." in ji Shugaba.

"Ba zama ya kawo ni ba! Marainiya muka kawo muku amana, ashe mai farautar miji kuka ajiye mana! Ta ga ƙanena ba mata, ta bi ta kan yarinya ta shige masa!"

Ni ba na iya haɗiye magana, Ummana ta yi faɗan har ta gaji. Amma ranar sai da na ciji leɓe, don ta bangon nan ina jiyo yarana suna waƙa.

A gidan renon yaran da nake aiki, kowane yaro da littafinsa. Kullum da yamma mai reno za ta rubuta abin da ya ci, barcin da ya yi, da abin da za a kawo masa gobe. Iyaye su tafi da shi gida, su rubuta "Na gani", su dawo da shi da safe. Akwai kuma layin fenti a bakin barandar da ke shiga ɗakunan yara. Nan iyaye ke tsayawa, nan muke karɓa, nan muke miƙawa. Dokoki biyu ke nan. Doka ta uku ita ce ba soyayya tsakanin mai reno da uban yaron da ke hannunta. Duk na sa hannu a kansu ranar da aka ɗauke ni, ina ma dariyar ta ukun.

Ɗigo 'yar shekara uku aka kawo ta, 'yar mitsitsiya, shi ya sa sunan ya bi ta. Tun rasuwar uwarta ta daina magana. Ana sauke ta sai ta shige ƙarƙashin teburin zane ta ƙudundune. Wata huɗu na yi ina bin ta ƙarƙashin teburin nan, ni da tsawona, har wuyana ya sage. Ran nan ina jera mata murafen kwalba sai na ji wata 'yar murya.

"Anti... ruwa."

Nan take na rubuta shi a littafi.

Washegari a ƙarƙashin "Na gani" sai na tarar babanta ya ƙara layi: "Sau goma na karanta. Na kasa tayar da mota."

Daga nan abin ya fara. Baban Ɗigo mai gyaran lantarki ne, dogo, marar yawan magana, kullum da filasta a yatsa. A bakin layi ko gaisuwa da ƙyar yake gamawa, amma in ya riƙe biro sai bakinsa ya buɗe.

"Wa ya koya miki haƙuri haka?"

"Jiya na ga kamar kin gaji. Ke wa yake tambayar ko kin ci abinci?"

Sai shekaranjiya ya rubuta ta ƙarshen: "Anti, ina son ki. Na rasa inda zan faɗa miki sai nan."

Ba zan yi ƙarya ba, ina son shi. Tun ranar da na ga yadda ya kama wa Ɗigo gashi a karkace da hannunsa, ya zo yana ba ni haƙuri, zuciyata ta tafi. Amma son daban, aikin daban.

Na ƙaraso cikin ofis ɗin, na ajiye takalmin a kan kujera.

"Shugaba, a karanta. Amma don Allah kada a tsallake rubutuna."

Shugaba ta gyara tabarau, ta buɗe shafin ƙarshe, ta karanta nasa a ciki, sannan ta ɗaga murya a kan nawa.

"Ta ci rabin abincinta. Ta yi barcin awa ɗaya. A kawo mata safa. Baban Ɗigo, wannan littafin na Ɗigo ne."

Ta koma baya shafi bayan shafi. Abinci, barci, safa, maganin mura. Ko kalma ɗaya ban taɓa ba shi ba.

"Makirci ne!" Gwaggo ta ce. "Irinsu ai da jan aji suke kamu!"

"Gwaggo, da kamu nake yi da ba a littafin da ke kwana a gidanku zan yi ba."

Shugaba ta cire tabarau ta dube ni. "Wata uku yana wannan rubutun. Me ya hana ki kawo min?"

Nan ta kama ni.

"Wannan laifina ne," na ce. "Daɗin karantawa nake ji. Ban ba shi amsa ba, amma ban so ya daina ba. Ki hukunta ni a kansa."

"To ga hukuncin. Ko a mayar da Ɗigo ɗakin wata, ko ki ajiye aiki."

"Ba ko ɗaya."

"Me kika ce?"

"Na ce ba ko ɗaya, Shugaba! Ki rubuta min takardar gargaɗi, ki liƙa ta a bango in kin so. Amma yarinyar nan jiya-jiya ta fito daga ƙarƙashin tebur. Ta rasa mace ɗaya ta yi shiru shekara guda. Ki raba ta da ta biyu ki ga abin da zai faru! Wata biyar ya rage ta wuce makaranta. A bar ni in kai ta!"

Ana cikin haka aka turo ƙofa. Baban Ɗigo ne, yana haki, da jakar kayan aiki a kafaɗa.

"Yaya, me ya kawo ki nan? Me ya sa kika ɗaukar min littafi?" Ya juya wajen Shugaba. "Ranki ya daɗe, ni ne mai laifi, ita ba ruwanta. Kuma na samo mafita." Sai ya dube ni, idonsa har ƙyalli yake. "Zan cire Ɗigo in kai ta wani gidan renon. Kin ga shi ke nan, ba dokar da ta hau kanmu... sai in zo gidanku kamar kowa."

Duk zagin Gwaggo bai ƙona ni kamar wannan ba.

"Ka cire ta?"

"Don mu samu..."

"Don ka same ni za ka cire ta? Ka san wa take kira in ta farka daga barci? Ka san sai an bar mata ƙofa a buɗe take shiga bayi? Wa zai san wannan a can?"

"Anti, ni fa don ke..."

"Kada ka ce don ni! Wallahi in ka cire yarinyar nan saboda ni, ko kai kaɗai ka rage namiji ba na son ka!"

Ya sunkuyar da kai. Ni ma sai a lokacin na ji abin da bakina ya tona, amma an riga an ji.

Shugaba ce ta yanke. Takardar gargaɗi a kaina. Ɗigo ta zauna a ɗakina. Kullum littafin zai bi ta ofis, ta karanta ta sa hannu kafin ya fita da kuma in ya dawo. Shi kuma iyakarsa layin fenti, gaisuwa kawai. Ranar da aka ƙetare, ranar zan bar aiki.

"Na yarda," na ce.

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Wata biyar a baki ba wuya!

"Na gani."

"Na gani."

Kullum abin da nake tararwa ke nan, ko ɗigon biro bai ƙara ba. A bakin layi ba ya ɗaga ido. Ni na nemi haka, amma sai na riƙa buɗe littafin ina jin haushinsa kamar shi ya kafa dokar. Ummana ta ce, "Ke dai bakinki ne zai hana ki aure." Na ce mata ya hana ɗin.

Gwaggo kuwa ba ta zauna ba. Ta fara zuwa ɗaukar Ɗigo tare da wata ƙawarta, kyakkyawa, mai ƙamshi tun daga bakin titi. Sai ta tabbata ina ji take cewa, "Ɗigo, gaida sabuwar mamanki!"

Ran nan ƙawar ta zo ita kaɗai.

"An aiko ni ɗaukar Ɗigo."

Na duba katin masu ɗauka. Suna biyu ne, babanta da gwaggonta.

"Ki yi haƙuri, ba sunanki."

"Kin san ko ni wace ce a gidan?"

"Ko ke ce wa, ba kya kan kati."

"Kishi ne ke cin ki!"

"Yana ci na. Amma ko ba ya ci na ba zan ba ki ita ba."

Ta kira Gwaggo, Gwaggo ta zo tana ruwan bala'i. Tana cikin yi sai Ɗigo ta leƙo ta bayan rigata.

"Gwaggo, ki daina yi wa Antina ihu. Kunnena yana ciwo."

Gwaggo ta tsaya da baki buɗe. Ashe ba ta taɓa jin yarinyar ta haɗa magana mai tsawo haka ba. Ta durƙusa ta rungume ta, kafaɗunta na rawa. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma daga ranar ban sake jin ƙamshin nan ba.

Ranar ƙarshen Ɗigo a gidan renon ta zo. Yarinyar da na sha rarrafe a kanta ita ce ta hau kujera tana ba sauran yara umarni. Na wanke mata hannu, na haɗa mata kofinta da zane-zanenta, na zauna a shafin ƙarshe. Na daɗe riƙe da biron. Sannan na rubuta na kai ofis.

Shugaba ta karanta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke dai ba kya jin magana."

"Akwai ƙarya a ciki?"

"Babu." Ta sa hannu.

Ƙarfe huɗu saura minti goma ya iso. Na miƙa masa jakar da littafin ta saman layi. Kullum aljihu yake sa shi, amma yau Ɗigo ta ce, "Baba, karanta! Anti ta daɗe tana rubutawa!"

Ya buɗe. Ina kallon leɓensa yana bin layukan.

"Ta cinye abincinta. Ta ƙi barci. Ta yi surutu har ta ishe mu. Aikina a kan Ɗigo zai ƙare yau da ƙarfe huɗu."

Ya ɗago ya dubi agogon bango. Ya dube ni. Ya sake duban agogon.

Bai motsa ba. Iyaye suna zuwa suna raɓa shi suna wucewa, shi yana tsaye ƙiƙam, bakin takalminsa daf da fenti. Ni ma ina nan ina miƙa yara, ina kuskuren jakunkuna. Shugaba ta fito ta jingina da ƙofarta ta naɗe hannu. Ban taɓa ganin minti goma mai taurin kai irin wannan ba.

Ƙarfe huɗu ta cika.

Ya laluba aljihu ya ciro biro.

"A'a," na ce. "Ba a littafi ba. Da bakinka."

"Anti..."

"Ba ni ce Antinka ba."

"Masoyiyata..." Ya mayar da biron aljihu. "Wata biyar ina rubuta 'Na gani', kuma na gani ɗin. Kin fi ni gaskiya ranar nan, na kusa cutar da 'yata da hannuna. Ki yafe min. Ina son ki... zan iya zuwa gaida Umma?"

"Ka makara da wata biyar."

"Ke kika..."

"Na sani! Ka zo gobe."

Na cire rigar aikin na rataye ta a ƙusa kamar kullum in an tashi. Shekara huɗu ina miƙa yara ta saman layin nan, ban taɓa jin faɗinsa ba sai ranar. Na tsaya ina kallonsa, ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

Ɗigo ta gaji da mu. Ta dawo ciki ta kama yatsana ta ja.

"Anti, ki zo mana! Baba ba ya iya kama min gashi."

Na ƙetare.