Ciyawar Gola

Akwai wani yaro ɗan aji biyar da kowa ke kira Gola. Ko malamansa ma haka suke kiransa. Shi ne mai tsaron raga a duk wasan ƙwallon unguwarsu. Yaron nan akwai son burgewa. Ƙwallon da za a kama a tsaye, shi sai ya yi tsalle ya faɗi da ita, don kawai a tafa masa.

A shekarar nan ruwan sama ya yi jinkiri. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Rijiyoyi suka ƙafe. Famfon unguwa sai ya ga dama yake kawo ruwa. In ya kawo ma, siriri ne kamar zare.

Baban Gola shi ke kula da ciyawa da furanni a wani babban ofis. Wata rana ya dawo gida jiki ba ƙwari.

"An hana mu ba ciyawa ruwa," ya ce wa Mama. "Kuma gaskiyarsu. Mutane ba su sami na sha ba, ina ciyawa za ta samu? Amma ina ji ina gani duk ta koma ruwan ƙasa."

A bayan gidansu akwai filin da yara ke ƙwallo. Gaba da filin kuma akwai 'yar gonar Kaka. A ƙarƙashin wata bishiya Kaka ta yafa irin tumatir da barkono, sun kuma tsiro. Jira take ruwa ya sauka ta dasa su. Irin nan ita ta zaɓa da hannunta tun bara, ta shanya, ta adana. Ba ta da wani bayan shi. In tsirran suka mutu, bana gonar Kaka ta tashi a banza.

Ana cikin haka gwiwar Kaka ta kumbura, tafiya ta gagare ta. Sai ta kira Gola. Ita ba ta kiransa Gola, sai dai Maigida, saboda wasan kaka da jika.

"Maigida, ga amana zan ba ka," ta ce. "Mamarka tana tara ruwan ɗaurayar kwanuka da na wanke kayan miya. Kullum da yamma ka kai wa 'ya'yana bokiti biyu. Za ka iya, ko ƙwallo ta cinye ƙarfin?"

"Haba Kaka, wannan ai ba aiki ba ne," in ji Gola.

Da farko ya yi abin kirki. Yana dawowa daga makaranta zai ɗauki bokitai, ya ratsa filin ƙwallo, ya je ya shayar da tsirran.

To, amma filin nan ya bushe ƙamas. Ƙasar ta yi tauri kamar siminti. Duk faɗuwar da Gola ya yi, sai ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Abokinsa Dogo ya dinga yi masa dariya.

"Gololin talabijin a kan ciyawa mai laushi suke faɗuwa," in ji Dogo. "Kai kuwa sai ka ƙarar da fatarka a nan."

Maganar ta tsaya wa Gola a rai. Ran nan yana wucewa da ruwa, sai ya tsaya a gaban raga. Ya dubi busasshiyar ciyawar da ke wurin. Ya waiga, ba kowa. Ya tuttule rabin bokiti.

"Ɗan wannan ba zai rage komai ba," ya ce a ransa.

Washegari ya zuba bokiti guda. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama raga ke shan kusan duka. Tsirran Kaka kuwa ɗan yayyafi yake yi musu da hannu, kamar mai korar ƙuda. Daga baya ma ya daina kallonsu sosai, don ba ya son abin da idonsa zai gani.

Kullum in ya dawo Kaka za ta tambaye shi.

"Maigida, yaya 'ya'yana?"

"Suna nan lafiya lau, Kaka."

"Allah ya yi maka albarka."

Duk sanda ta faɗi haka, sai laifinsa ya dame shi. Amma da ya ji ƙarar ƙwallo a waje, shi ke nan ya manta.

Ciyawar gaban raga ta farfaɗo, ta yi kore shar. Duk faɗin filin ba wani kore sai nan. Gola ya dinga faɗuwa a kanta yana birgima, ko an buga ƙwallo ko ba a buga ba.

Ranar wata Asabar da safe Baba ya zagaya bayan gida neman kazarsu da ta fita. Can sai ga shi ya dawo da sauri.

"Na gano abin da ya sa famfonmu ba ya kawo ruwa da ƙarfi," ya ce. "Bututu ne ya fashe a ƙarƙashin filin ƙwallo. Ku je ku ga ciyawar wurin. A farin nan ciyawa ba ta yin kore haka kawai. Ruwan unguwa ne ke tsiyayewa a ƙasa."

Gola ya san gaskiyar maganar, amma ya kau da kai.

Kafin a jima labari ya zaga unguwa. Maƙwabcinsu tela ya rufe shago ya zo da shebur. Baban Dogo ya zo da diga. Wani tsoho mai ciwon baya ma ya lallaɓo, wai ko ƙasa ce ya taya kwashewa. Suka hau haƙa a gaban raga.

Rana ta take. Gumi ya jiƙa rigunansu sharkaf. Gola yana tsaye a gefe kamar an dasa shi. Yana ta cewa a ransa, yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa. Amma tsoro ya hana shi.

Mama ta fito da ruwan sha a jug. Gola ya san ruwan nan. Shi ne ɗan ragowar da ta ajiye don girkin rana. Ta ba masu haƙa suka shanye tas.

Ramin ya kai gwiwa, ya kai cinya. Baba ya tsaya, ya damƙi ƙasa ya murza.

"Ikon Allah," ya ce. "Sama da danshi, ƙasa kuma a bushe. In bututu ne, ai kamata ya yi muna nisa laima tana ƙaruwa."

Sai ga Kaka ta fito tana dogara sanda, tana ɗingishi. Fuskarta cike da murna.

"An ce an sami ruwa," ta ce. "To kafin ku toshe, a ɗebar wa 'ya'yana su sha su ƙoshi. Maigida ya sha wahalar jido, yau sai ya huta."

Nan ne Gola ya kasa daurewa. Hawaye suka zubo masa.

"Baba, ku daina haƙa," ya ce. "Ba bututu ba ne. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni nake zuba ruwan. Ruwan tsirran Kaka ne. Ina so in dinga faɗuwa a kan laushi."

Tela ya dubi tafin hannunsa da ya yi kanta, ya dubi Gola. Tsohon nan mai ciwon baya ya dafa ƙugu ya miƙe da ƙyar. Ba wanda ya daki Gola, ba wanda ya zage shi. Shi kuwa da dukan aka yi masa, da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Kana tsaye kana kallo manya suna haƙa tun safe?" Baba ya tambaya a hankali.

Gola ya sunkuyar da kai.

Kaka ta juya ta nufi gonarta, taku ɗaya, hutu ɗaya. Gola ya bi ta a baya. Bai taɓa jin tsawon hanyar nan ba sai ran nan.

Tsirran sun kwanta. Da yawa sun bushe ƙurmus, in ka taɓa su sai su marmashe. Na tsakiya ne kawai, inda inuwa ta fi yawa, suke da sauran rai. Su ma sun langaɓe.

Kaka ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta zauna a gindin bishiyar, ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

"Ba ruwan ne ya fi ƙona min rai ba," ta ce. "Kullum ina tambayarka, kullum kana cewa lafiya lau. Da ka gaya min, ko da rarrafe ne da na zo."

"Ki yafe min, Kaka," in ji Gola, yana kuka sosai.

"Na ji. Amma kuka ba zai tashe su ba. Je ka gani ko Mamarka tana da sauran ruwan ɗauraya."

Da yamma Baba ya zaunar da shi.

"Ka san abin haushin?" ya ce. "Ciyawar nan ba mutuwa ta yi ba. Barci take. Ran da ruwa ya sauka za ta tashi da kanta, ba ta bukatar taimakon kowa. Tsiron tumatir kuwa in ya tafi, ya tafi ke nan. Ka ƙwace daga wanda ba zai iya jira ba, ka ba wanda zai iya."

"Na yi kuskure, Baba."

"Ka yi. Gobe za ka cike ramin nan da hannunka. Yanzu kuma tashi, gida gida za ka bi ka ba mutane haƙuri."

Wannan ya fi cike rami wuya. A ƙofar tela, Gola ya yi sallama da 'yar ƙaramar murya.

"A'a, fasasshen bututu ne da kansa?" in ji tela. "Shigo mana, amma kada ka jiƙa min yadi."

Ya yi dariya, ya dafa kan yaron, ya ce komai ya wuce. Sai dai sunan ya bi Gola har makaranta. Duk inda ya gifta sai ya ji an ce, "Ga bututu nan." Ba shi da bakin ramawa, don ya san shi ya jawo wa kansa.

Daga ranar ya ɗaura ɗamarar ceto tsirran da suka rage. Baba ya nuna masa yadda ake shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinsu, don kada rana ta shanye danshin. Suka kafa 'yar rumfa da tsohon buhu. Gola ya koma ba su ruwa da sassafe kafin makaranta, da kuma bayan rana ta yi sanyi. A hankali yake zubawa, a gindi, ba a kan ganye ba.

In Kaka ta tambaye shi, gaskiya yake faɗa, ko mai daɗi ko marar daɗi.

"Yau ɗaya ya ƙara mutuwa, Kaka. Amma barkonon tsakiya ya yi sabon ganye."

"To, madalla da sabon ganye," sai ta ce.

Wata rana suna cikin aji, sai gari ya yi duhu. Iska mai sanyi ta shigo ta taga. Can sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Malama ta ajiye alli, ta bar su suka leƙa suna murna. Gola dai tunaninsa yana ƙarƙashin bishiyar nan.

Ruwan ya sake zuwa, ya kuma sakewa. Ƙasa ta sha ta ƙoshi. Famfo ya dawo da ƙarfinsa. Filin ƙwallo ya yi kore daga wannan gefe zuwa wancan, ba wanda ya zuba masa ko kofi ɗaya.

Baba ya yi wa Kaka kunyoyi a gona, wato layukan tudun ƙasa da ake dashe a kansu. Gola ya dinga ciro tsirrai yana dasawa, Kaka tana zaune tana nuna masa da sanda. Tsirran suka ƙare a tsakiyar gona. Rabin kunyoyin suna nan fayau, ba komai a kansu.

Gola ya tsaya yana kallonsu. Ya san da bai yi abin da ya yi ba, da duk sun cika. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kai, Maigida, ɗago kanka," in ji Kaka. "Wannan kunyar da ke fuskarka ba a shuka komai a kanta. Ga waɗanda ake shukawa can suna jiranka."

Ta kwance bakin zanenta, ta zuba masa wake a tafin hannu.

"Tumatir ɗinmu bana kaɗan ne, wannan kam ba makawa. Amma ba za mu bar ƙasa haka ba. Maza, kafin danshin ya tafi."

Gola ya share ido, ya durƙusa. Ya shuka waken nan har kunya ta ƙarshe. Da ya gama, Kaka ta miƙa masa hannu ya tashe ta, suka taho gida tana dafe da kafaɗarsa.

A shekarar an ci tumatir da barkono daidai gwargwado, an kuma ci wake har an ba maƙwabta.

Yara, abin da Gola ya koya ke nan. In ruwa ya yi ƙaranci, a fara ba wanda ya fi bukata, wasa ya jira. In aka ba ku amana, ku kai ta inda aka ce. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, tun abin da ya lalace yana iya gyaruwa.