Tulun Wudil Ne, Ba Na Indiya Ba

Ranar Juma'a ce, kasuwar Wudil ta cika har bakin titi. Khaulat na zaune a rumfar tukwanen mahaifiyarta, sai ga wani dogon saurayi da jaka a baya ya tsuguna gaban tuluna. Ya ɗauki ɗaya ya kara a kunne, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ajiye. Ya ɗauki wani, ya ajiye.

Kowa ya san mai saye yana ƙwanƙwasa tulu ne don ya ji ko ya tsage. Sau ɗaya ake yi. Shi kuwa sai da ya bi layin kaf.

"Malam," in ji Khaulat, "in fasasshe kake nema, matsa gaba. Mu ba ma gina shi."

Ya ɗago. Suka haɗa ido.

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ba tsaga nake nema ba, murya nake nema."

"Tulu ne fa, ba zakara ba."

Ya yi dariya, ya zauna dirshan a ƙasa, ya kifa bakin tulun a cikinsa, ya sa yatsu goma. Abin da ya fito daga tulun nan, wallahi ko mai rake sai da ya bar yanka ya juyo. Khaulat da ta gina shi da hannunta ba ta taɓa sanin yana da wannan a ciki ba.

Sunansa Muhyiddeen. Mahaifinsa direba ne a wata masaƙa a Kano, can Muhyiddeen ya tashi a gaban wani tsohon injiniya Ba'indiye wanda ya koya masa kiɗan tabla, gangunan Indiya, da wani kiɗa da mutanen kudancin Indiya ke yi da tulun ƙasa. Tsohon ya koma ƙasarsu da tulunsa. Shi kuma ya zo jami'ar Wudil ya karanta lantarki, ya gama, ya kama ɗaki ya mai da shi situdiyo. Yana haɗa kiɗan Indiya da sautin kwamfuta, amma tulun ne ya rasa.

"Wannan ya kusa," ya ce, "amma bakinsa ya yi faɗi, jikinsa kuma ba kauri. Za ki iya gina min wani?"

"Babu abin da yumɓu zai gagare ni," ta ce, ta kau da kai don kada ya ga murmushinta.

Daga nan aka fara. Ta gina, ta gasa, ya zo ya kaɗa, ya ce a ƙara kauri. Ta ƙara yashin kogi, ta tsuke baki, ta sake gasawa. Kafin a dace da tulun da ake nema, zukata sun riga sun dace.

Ranar da ya tafi da shi, saƙonsa ya shigo wayarta:

"Maginiyata, na sa tulunki a waƙa. Kwamfuta ta ba ni sauti dubu, amma duk sai da suka yi shiru da naki ya shigo. Haka ni ma nake yi in kin fara magana."

Ta rubuta masa:

"Ɗan Indiyana, ka iya daɗin baki kamar yadda ka iya kiɗa. Ka dai ci abinci, na ga ka rame."

Amma akwai Uwa. Uwa ita ce mahaifiyar Khaulat, maginiya tun tana budurwa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, da yumɓu ta rene ta. Ba ta san boko ba, ba ta kuma san kwana-kwana ba.

"Makaɗi?" ta ce. "Makaɗin ma ba na gado ba, na waya a kunne? Ke Khaulatu, tulu na ruwa ne. Wanda ya mai da shi ganga, me zai mai da ke?"

"Inna, sana'a ce. Har daga waje ana jin waƙoƙinsa."

"To su ba shi 'yarsu."

Ga kuma Gwadabe, dillalin shanu a kara, wanda ya daɗe yana zarya da buhun shinkafa da manyan alkawura. Shi ya ce wa Uwa, "Inna, in na aure ta, ta bar wannan taɓon har abada. Hannunta sai lalle."

Uwa ta dube shi, ta dubi hannayenta.

Waƙar ta fita, ta kama wuta. A Daidaita Sahu ita, shagon caji ita, gidan biki ita. Har aka aiko wa Muhyiddeen gayyata zuwa wani babban bikin kiɗa a Indiya. Wani gidan rediyo a Kano ya kira shi hira.

A nan ya yi abin kunya, kuma ba za a rufa masa ba. Mai gabatarwa ya ce, "Wannan tulu naka, daga jin sautinsa ka san daga Indiya aka kawo shi. Ai ya fi ƙarfin ginin ƙauye." Muhyiddeen ya yi 'yar dariya, ya ce, "To, Allah dai ya sa albarka," ya wuce zuwa wata magana. Bai ce e ba. Amma bai ce a'a ba.

Gwadabe ya samu abin da yake so. Juma'a na yi ya zo layin magina, ya ƙure ƙarar wayarsa, ya saka hirar a gaban mata.

"Kun ji surukin naku! Ginin ƙauye! Inna, ashe daga Indiya kike oda ba ki faɗa mana ba?"

Aka fashe da dariya. Matan da Uwa ta koya wa murza baki, har da su a dariya. Khaulat ta shige bayan randuna ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Ba dariyar ce ta ƙona ta ba. Ƙunar wutar gasa tukwane da ke hannunta take kallo, tana tuna cewa kunyarta ya ji.

Ta tura masa:

"Na ji hirarka. Ka nemi Ba'indiyar da ta gina maka tulu ka aura. Kada ka sake kirana."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Da la'asar ya zo gidan da kansa, ya durƙusa a tsakar gida inda Uwa ke kwaɓa yumɓu. Khaulat na ɗaki tana ji.

"Inna, na yi laifi. Tsoro ne ya kama ni, kada a raina kiɗan in an ji na gida ne. Ki yafe min."

"A tsakar gidana ka yi laifin?"

"A'a, Inna."

"To me ya kawo haƙurin tsakar gidana? Ni na shiga rami na haƙo ƙasar nan. Yarinyar can ta ƙone hannu tana gyara maka murya. Ka ɗauki guminmu ka kai wa mutanen da ba su roƙe ka ba, ba su ma san an yi ba. Inda ka yi shiru, nan za ka koma ka buɗe baki. Kuma ƙafata ƙafarka."

Da mai shirya masa tafiya ya ji zai koma rediyo, ya yi ta faɗa a waya. Ya ce in ya fito ya ƙaryata kansa a rediyo, mutuncinsa ya zube, wataƙila ma a soke gayyatar. Muhyiddeen ya ce a soke.

Ya turo wa Khaulat saƙo ɗaya tak:

"Hasken idona, ba na roƙon ki amsa. Gobe da hantsi ki kunna rediyo. In Indiya ta tafi, ta tafi. Ke ce ba zan iya rasawa ba."

Da hantsi matan layin magina suka taru a matoya, inda ake gasa tukwane, rediyo a kan kifaffen kasko. Khaulat na gefe.

Muryarsa ta fito tar.

"Jama'a, ranar nan an ce tuluna daga Indiya yake, na yi shiru. Shirun nan ƙarya ne. Kiɗan, wani dattijo Ba'indiye ne ya koya min, Allah ya saka masa. Amma tulun, ƙasar Wudil ce, ginin Khaulat 'yar Uwa maginiya. Ban taɓa jin mai muryarsa ba, kuma na ji kunyar faɗa. Yau kunyar shirun nake ji."

Sai aka ji ƙugi-ƙugi, mai gabatarwa na cewa, "Hajiya, a hankali, a hankali da makirfon."

"Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba tukuna. Sunana Uwa. Kai ne ka ce ginin ƙauye? To ga ƙauyen ya zo. Indiyawa Allah ya ba su nasu, ba mu taɓa musu ba, kada a taɓa mana namu. Ku kuma matan layinmu da kuka yi dariya, na san kuna ji. Ku yi yanzu in ji!"

Guɗa ce ta tashi a matoya. Waɗanda suka yi dariyar su suka fi kowa ɗaga murya. Khaulat tana kuka tana dariya, ta lalubo waya:

"Ɗan Wudil ɗina, ka dawo min da Inna lafiya. Na dafa maka dambu."

Gayyata kuwa ba a soke ba. Masu bikin ma da labari ya kai musu cewa suka yi lallai ya zo da maginiyar, suna son ganin hannun da ya fitar da wannan sauti.

Gwadabe ya sake zuwa da buhunsa. Uwa ta tare shi a zaure.

"Taɓon da ka ce za ka raba ta da shi, jirgi zai hau. Ɗauki shinkafarka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Magina suka yi anko, masunta suka kawo kifi, abokan ango suka jera sifiku a ƙofar gida, tabla da kalangu da tulu suka haɗu har tsofaffi suka miƙe.

Da aka zo tafiya da amarya, Uwa ta kama hannun 'yarta ta damƙa wa ango.

"Ga ta nan. Duk inda ka shiga a duniya, aka tambaye ka ta ina ce, me za ka ce?"

"Ta Wudil ce, Inna. 'Yar Uwa maginiya. Matata."

"Da ƙarfi za ka riƙa faɗa. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya tun ba a ja kunnensu ba."

Gida ya amsa da amin.